Kyamarar Fim: Ƙarkonta da Amincinta a Hannun Mai Aiki da Ita

Jawabin da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai, ranar rufe makon nunin hotuna



 Abin da aka nemi mu yi magana a kai shi ne kyamarar fim, watau irin wadda ake ɗura wa fim a ɗauki hoto, sa'an nan a kai a wanke. Mai yiwuwa waɗansu su ce, ina ruwan ɗalibin yau da wannan tsohon yayi, alhali kowa da wayarsa a aljihu? To, dalili ne ya kawo maganar. Kamar yadda da yawanku suka ji, kwanakin baya da ake sharar ɗakin ajiya na ƙungiya an ci karo da kyamarori huɗu a cikin wani kabad, waɗanda magabatanmu suka yi aiki da su wajen ɗaukar hotunan wannan mujalla. Biyu daga ciki, da aka yi musu wani aka danna, sai suka amsa. Sauran biyun kuwa ko motsi. Nan take ra'ayi ya rabu. Waɗansu suka ce a kira 'yan gwangwan a huta, waɗansu kuma suka ce ai kayan da ba sa mutuwa, a sa fim kawai a ci gaba da aiki. A namu ganin, ɓangarorin nan biyu duk sun yi gaggawa. Kafin a yanke hukunci ya kamata mu san abin da ke sa irin wannan na'ura ta daɗe, da kuma abin da ke kashe ta.

Ƙarko da aminci

Da farko bari mu rarrabe kalmomi biyu waɗanda akan cuɗanya su. Ƙarko shi ne abu ya daɗe bai lalace ba. Aminci kuwa shi ne abu ya yi aikin da aka sa shi, daidai yadda aka sa shi, a lokacin da ake bukatarsa. Tukunyar ƙarfe tana da ƙarko, amma idan ta huje a gindi ba ta da aminci. Haka nan kyamara. Tana iya shekara hamsin jikinta garau, ka danna ta yi ƙara mai daɗin ji, alhali a ciki lissafinta ya goce, ko kuwa haske na kutsawa ta wata kafa yana ƙona fim.

Wannan bambanci ya fi nauyi ga mai kyamarar fim fiye da mai waya. Mai waya yana ganin hotonsa nan take, in bai yi ba ya sake. Mai fim kuwa ba zai san abin da ya ɗauko ba sai an wanke, watakila bayan kwana uku ko mako guda. A lokacin an riga an raɗa suna, an ɗaura aure, an yaye ɗalibai, Sarki ya gama hawa ya shiga gida. Babu mai maimaita hawan salla don mai hoto ya yi kuskure. Saboda haka tsofaffin masu hoto ba su ɗauki aminci da wasa ba, domin a kansa mutuncinsu da abincinsu suka rataya.

Yadda aka ƙera ta

Idan muka tuɓe wa kyamarar fim duk wani ado, za mu tarar akwati ne mai duhu. A gabansa akwai gilashi mai tattara haske. A cikin gilashin akwai kafa wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke, kamar yadda ƙwayar idon mutum ke yi. A bayan wannan akwai ƙyaure, wanda ke buɗewa ya rufe cikin ƙiftawar ido, domin haske ya faɗa kan fim gwargwadon bukata. Sai kuma ɗan hannu da ake ja da babban yatsa, wanda ke matsar da fim gaba ya kuma ɗana ƙyauren.

A kyamarori na asali duk wannan aiki sifirin ne da haƙoran ƙarfe ke yin sa, tamkar agogo mai wani. Ƙarfin da ke motsa su daga yatsan mai hoto yake fitowa. In ma akwai batir, to aikinsa ɗaya ne, watau ya kunna ma'aunin haske mai ba da shawarar yadda za a saita kafa da ƙyaure. Batir ya mutu, ma'auni ya yi shiru, amma kyamara na nan tana ɗauka. Mai hoton da ya san aikinsa sai ya auna da ido. Akwai ma ƙa'idar da aka daɗe ana koya wa almajirai: idan rana ta take, a sa kafa a kan lamba 16, a sa ƙyaure a kan lambar da ta fi kusa da lambar saurin fim. Fim mai lamba 100 ke nan sai a ba shi kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa.

Asirin ƙarkon ke nan. Sassan kaɗan ne, yawancinsu na tagulla da baƙin ƙarfe, an ɗaure su da sukuru, ana iya kwance su a wanke a mayar.

Shaidar tarihi

Ba da baki kawai waɗannan na'urori suka yi suna ba. A shekarar 1925 kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya fitar da Leica, wadda Oskar Barnack ya ƙirƙira. Ita ce ta yayata ɗaukar hoto da ƙaramin fim mai faɗin milimita 35, har mai hoto ya sami damar rataya kayan aikinsa a wuya ya shiga duk inda mutane suke. A 1954 aka fitar da Leica M3, aka ƙera fiye da 200,000, kuma har yau da yawansu suna hannun masu aiki da su.

A 1959 aka fitar da Nikon F a Japan, wadda aka ci gaba da ƙerawa har 1973. Labulen ƙyaurenta na wani ƙarfe ne mai suna titaniyam, siriri kamar takarda amma mai ƙwari. Ita ce 'yan jarida suka riƙa ratayawa zuwa fagagen yaƙi. Don McCullin, Baturen Ingila wanda ya ɗauki hotuna a yaƙin basasar Nijeriya, yana riƙe da irinta a ƙasar Kambodiya a 1970 lokacin da aka harbe shi, harsashin ya sami kyamarar, shi kuwa ya tsira. Wannan labari shaida ce ta ƙwarin jiki kawai, amma ya nuna irin ƙarfen da aka zuba.

Ga misalin da ya fi kusa da aminci. Ranar 29 ga Mayu, 1953, Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka ƙololuwar dutsen Everest. Hoton Tenzing da duniya ta sani, da wata ƙaramar Kodak Retina aka ɗauke shi. Abin lura shi ne Hillary ya ɓoye ta ne a cikin tufafinsa yana hawa, don ɗumin jikinsa ya hana ta daskarewa. Ashe ko a can, aminci rabi na maƙeri ne, rabi na mai riƙo.

A watan Yuli na 1969 kuma, da 'yan sama-jannatin Amurka suka sauka a duniyar wata, kyamarar Hasselblad ta ƙasar Suwidin suka tafi da ita. Kafin tafiyar sai da aka sake mata mai, domin man da aka saba da shi ba ya zama inda babu iska, aka kuma shafe jikinta da launin azurfa saboda tsananin zafi da sanyi. Tsakanin 1969 da 1972 an bar guda goma sha biyu a can don a rage nauyi, aka dawo da fim kaɗai.

Su kansu kamfanonin sukan auna ƙarko da lissafi. Lokacin da Canon ya fitar da F-1 a 1971, ya ce an gina ta ne ta jure dannawa 100,000, ta kuma yi aiki daga sanyin digiri 30 ƙasa da sifiri har zuwa zafin digiri 60. Mu ɗan yi lissafi tare. Naɗin fim ɗaya na ɗaukar hoto 36. Dannawa 100,000 ke nan naɗi wajen 2,780 ne. Ɗalibin da ke cinye naɗi ɗaya a mako zai shekara 53 bai kai wannan iyaka ba. Amma mai hoton kasuwa da ke cinye naɗi biyu a rana, kafin shekara huɗu ya kai. Kun ga ke nan, shekarun kyamara ba su ne ke faɗin tsufanta ba. Sai an tambaya, a hannun wa ta zauna, wane aiki kuma ta yi?

Ta wajen ɗalibai kuwa, babu kamar Pentax K1000, wadda aka ƙera daga 1976 har 1997. Ba ta da wani ado, batirinta na ma'aunin haske ne kaɗai, shi ya sa makarantun koyon hoto a ƙasashe da dama suka riƙe ta, tana fita daga hannun wannan ɗalibi ta shiga na wancan.

Amma fa a nan sai mu yi hattara. Waɗanda muke gani yau su ne waɗanda suka tsira. An ƙera miliyoyin kyamarori masu araha, na roba da gwangwani, waɗanda tuni suka bi bola, babu mai tuna su. Idan muka dubi 'yan tsirarun da suka rage muka ce kayan da duk haka suke, mun yi kamar wanda ya ga tsoho ɗan shekara casa'in ya ce mutanen da ba sa ciwo. A da ma akwai nagari akwai na banza, kuma araha ba ta ado.

Abokan gabanta

To, mene ne ke kashe kyamara mai kyau? Za mu kawo abubuwa shida, kuma za ku ga yawancinsu muna zaune da su a wannan ƙasa tamu.

Na farko, wanda ya fi ba mutane mamaki, shi ne zama. A cikin kyamara akwai ɗan mai da giris da aka ɗiga a mahaɗar ƙarafa. Idan ana aiki da ita, motsi na rarraba man. Idan aka ajiye ta shekaru, sai man ya bushe ya yi danƙo, haƙora su riƙa tafiya da ƙyar. Alamar farko takan bayyana ne a jinkirin ƙyaure: ka sa shi a daƙiƙa ɗaya, ya yi biyu, ko ya buɗe ya ƙi rufewa. Wannan ne ya sa sau da yawa kyamarar da ta sha yawon biki, fentinta ya goge har tagulla ta fito, takan fi wadda aka ɓoye a akwati lafiya. Duk wanda ya taɓa jingine keken ɗinki ko babur shekara biyu ya san wannan.

Na biyu shi ne soso. Yawancin kyamarorin Japan na shekarun 1960 zuwa 1980 an liƙa musu siririn baƙin soso a gefen murfin baya don ya tare haske, da wani a inda madubi ke bugawa. Wannan soso idan ya daɗe sai ya ruɓe ya koma kamar kwalta. Daga nan haske ya sami hanya, hotuna su riƙa fitowa da jan zane ko fari a gefe. Ciwo ne mai tayar da hankali amma maganinsa ƙarami ne, domin mai haƙuri na iya kankare tsohon ya liƙa sabo cikin awa guda.

Na uku ƙura. Mu da muka san hunturu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara laushi gare ta kamar gari, babu kafar da ba ta shiga. Idan ta haɗu da man da ke ciki sai su zama kamar dutsen wasa wuƙa, suna cin ƙarfe a hankali. Idan kuma ta kwanta a kan gilashi, mutum ya sa bakin riga ya goge, to ya karce shi ke nan har abada. Ƙa'ida ita ce a fara hure ƙurar, sa'an nan a shafa da tattausan ƙyalle. Kada kuma a buɗe bayan kyamara ko a sauya gilashi a fili ana iska.

Na huɗu laima. Da damina ta kankama, sai fumfuna ta tsiro a cikin gilashi, ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo. In an yi saurin ganinta ana wankewa, in ta daɗe kuwa sai ta cinye fuskar gilashin, hoto ya riƙa fitowa kamar an ɗauka cikin hazo. Fumfuna na son duhu da laima da iskar da ba ta motsi, watau dai jakar fata da aka rufe aka tura ƙarƙashin gado. Gara a ajiye kyamara inda iska ke ratsawa, ko a cikin mazubi mai murfi tare da 'yan ƙwayoyin nan masu tsotse laima da akan samu a kwalin sabon takalmi.

Na biyar zafi da rana. A bazara zafi kan haura digiri 40 a garuruwanmu, cikin motar da aka rufe kuwa ya fi haka nesa. Irin wannan zafi na narkar da giris ya gangara inda bai kamata ba, ya liƙe kafar haske, yana kuma lalata fim tun ba a ɗauka ba. Bugu da ƙari, kyamarorin da labulensu na ƙyalle ne kuma babu madubi a gabansa, idan aka bar su suna kallon rana ba murfi, gilashin kan tattara hasken ya ƙona labulen, kamar yadda yara ke ƙona takarda da tabarau.

Na shida batir da hannun mai ita. Batirin da aka manta a ciki yakan zubar da ruwa ya cinye wayoyi, kuma da wuya a buɗe tsohon kabad ba a tarar da wannan ɓarna ba. Akwai kuma wata matsala: kyamarori da yawa na wancan zamani an yi su ne don batir mai zaiba, mai ƙarfin bolt 1.35. An hana yin irinsa saboda gubarsa, Amurka ta kafa dokarta a 1996. Na yanzu mai bolt 1.5 yakan sa ma'aunin wasu kyamarori ya yi ƙarya, sai an daidaita. Hannu kuwa, laifinsa gaggawa ce. Ɗan hannun wani ya cije, maimakon a tsaya a duba, sai a sa ƙarfi, haƙori ya karye. Ƙaramin gyara ya zama babba.

Wani ko lantarki

A tsakiyar shekarun 1970 aka fara sauya hanya. A 1976 Canon ya fitar da AE-1, mai ɗan ƙaramin ƙwaƙwalwar lantarki a ciki, wadda aka sayar da miliyoyinta. Ita kam in babu batir ƙyaurenta ba ya buɗewa sam. A 1980 Nikon ya fitar da F3, ita ma lantarki ke sarrafa ƙyaurenta. Ƙwararru da yawa suka yi ɗari-ɗari da ita, suna tsoron batir ya yashe su a bakin aiki, ko da yake an bar mata sauri ɗaya da ke aiki ba batir. Amma sai ga shi ta ba mara ɗa kunya, aka yi ta ƙera ta har 2001. A gefe guda kuma kamfanin bai saki tsohuwar hanya ba, domin a 1982 ya fitar da FM2 mai wani, wadda ƙyaurenta ke kai kashi ɗaya cikin 4,000 na daƙiƙa ba tare da batir ba.

Gaskiya ita ce, muddin tana da lafiya, kyamarar lantarki takan fi ta wani daidaita lokaci, domin sifirin na gajiya. Bambancin yana fitowa ne ranar da aka kwanta ciwo. Ta wani takan yi gargaɗi, ta fara jinkiri, ta yi ɗingishi, kuma mai gyara na iya wanke ta, ko ya ciro haƙori daga wata matacciya, wani lokaci ma ya ƙera sabo. Ta lantarki kuwa takan mutu farat ɗaya, kuma idan allon cikinta ne ya ƙone, babu maƙerin da zai ƙera shi. Kamfanonin da za a nema a wurinsu ma waɗansu sun bar sana'ar: an daina yin Yashica da Contax na Kyocera a 2005, Minolta ya fita daga harkar kyamara a 2006. A taƙaice, ta lantarki ta fi aminci a ƙuruciyarta, ta wani kuwa ta fi samun magani a tsufanta.

Fim da mai gyara

Akwai abu biyu da ke wajen jikin kyamara, waɗanda in babu su ƙarkonta aikin banza ne. Na farko fim. A 1963 Kodak ya fitar da Instamatic, mai cin wani fim na musamman mai lamba 126, aka sayar da miliyoyi. A 1999 kamfanin ya daina yin wannan fim. Yau za ka iya samun irin kyamarar lafiya lau, amma ta zama fitilar da babu mai. Fim mai lamba 120 kuwa, wanda aka fara a 1901, da mai lamba 135 na 1934, har yanzu ana yin su. Ko da yake Kodak ya durƙushe a 2012, ya farfaɗo yana ci gaba da yin fim, haka ma Ilford a Ingila. Canon ya daina sayar da kyamarar fim a 2018, Nikon ya tsayar da F6 a 2020, amma Leica ya dawo da M6 a 2022, Pentax kuma ya fitar da sabuwa a 2024. Sana'ar ta ƙanƙance, ta kuma yi tsada, amma ba ta mutu ba. Don haka tambaya ta farko ga kowace tsohuwar kyamara ita ce, wane fim take ci?

Na biyu, kuma wanda ya fi damunmu, shi ne mai gyara. A nan za mu waiwayi maƙwabtanmu. Malick Sidibé na birnin Bamako a ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2016, duniya ta san shi da hotunan samari da 'yan mata na shekarun 1960 da 1970, har aka ba shi babbar lambar yabo a birnin Venice a 2007. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shi ɗin gwanin gyaran kyamara ne, kantocin shagonsa cike suke da su. A nan gida kuma J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara da wata 'yar Brownie a 1950, ya shiga ɗaukar hotunan kitso daga 1968, ya tara wajen dubu. Mutum ba ya yin aikin shekara da shekaru irin wannan sai da kayan aikin da ya amince da su, da kuma sanin yadda ake kula da su. Dodon hoton da suka adana shi ne yau ya zama taskar tarihi.

Wannan ne ya kawo mu ga zuciyar maganarmu. Babu kyamarar da ba ta lalacewa. Wadda ta shekara sittin tana aiki, an buɗe ta an wanke an sa mata mai, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ƙarko murhu ne mai duwatsu uku: maƙerin da ya yi abu yadda za a iya kwance shi, mai riƙon da ke aiki da shi yana kiyayewa, da mai gyaran da ya san cikinsa. A cire ɗaya, tukunya ta kife. Yau maƙera sun yi nasu sun wuce, ƙarfen yana nan. Dutsen da ke girgiza shi ne na uku. Masu gyaran kyamara da na agogo da muka taso muna gani a bakin kasuwa, da ɗan gilashinsu a ido, tsufa ya cim musu, kuma kaɗan ne suka sami magada. Ranar da na ƙarshensu ya rufe rumfa, ranar ce kyamarorin nan za su mutu da gaske, ko da kuwa babu tsatsa ko ɗigo a jikinsu.

Kammalawa

Bari mu koma ga kabad ɗinmu. Ga masu cewa a kira 'yan gwangwan, muna roƙo a dakata. Kyamarar da ta ƙi motsi sau da yawa busasshen mai ne ko dattin batir, ba mutuwa ba ce. Ko wadda ta mutu ma tana da amfani, domin daga jikinta ake ciro abin da za a raya 'yar'uwarta. Ga masu cewa a sa fim a ci gaba kuwa, muna tunatar da su cewa ƙara ba ita ce shaida ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarwarinmu huɗu ne. Na ɗaya, a kai duka huɗun wurin mai gyara ya duba, a sauya soso, a wanke, a sa mai, kada wani ya ce zai gwada basirarsa da sukundireba a ɗakin kwana. Na biyu, kowace aka gyara a gwada ta da naɗin fim ɗaya, a ɗauka da kowane sauri, a rubuta, a wanke a gani, tun kafin a dogara da ita ranar wani taro. Na uku, a sa su aiki. A buɗe littafin aro, ɗalibai su riƙa karɓa suna mayarwa, wadda ba a ara ba kuma a riƙa yi mata wani ana dannawa ko sau ɗaya a wata, a cire batir in za a tafi hutu. Na huɗu, wanda muka fi ba muhimmanci, a nemi ɗaya daga cikin dattawan nan masu gyara, a gayyato shi da girmamawa, a biya shi hakkinsa, ya zauna da 'yan'uwanmu masu karatun injiniya da duk mai sha'awa, ya nuna musu abin da ya sani. Mu muna da littafi, shi yana da hannu, kuma ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Waɗanda suka riga mu zama a kujerun nan sun bar mana kayan da har yau ake iya gyarawa, sun kuma bar mana hotunan da muka rataya a wannan zaure muna kallo mako guda. Ya rage namu mu duba abin da za mu bar wa na baya.